Takardar kuɗin lakkol ba za ta gina aji a ƙauyenmu ba

Jiya a fada, ana tsakar shan shayi, wani abokinmu ya kawo magana: gwamnati ta cire hannunta daga lakkol, ta lissafa abin da take kashewa kan kowane yaro, ta ba uba a takarda, ya kai ɗansa inda ransa ya so, ko makarantar gwamnati ko ta kuɗi. Wadda ba ta koyarwa iyaye su guje ta, ta mutu da kanta.

Wallahi maganar ta shige ni, don ƴata a makarantar kuɗi take nan Yamai, kuma na san yadda watan Oktoba yake hana uba barci.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman, ya kawo ta a 1955. Ƙasar Cile ta ɗauke ta a 1981. Da aka ba makarantu damar karɓar ƙari daga hannun iyaye, kuma suna zaɓen ɗaliban da suke so, sai ƴaƴan masu hali suka taru gefe guda, aka bar na talaka a gefe. Ɗalibai suka cika tituna a 2006 da 2011, har aka yi doka a 2015 don hana wannan ƙarin da wannan zaɓen.

Amma ni ba Cile ce ta hana ni yarda ba, ƙauyenmu ne, can wajen Illela. Lakkol ɗaya ce. Ajin ɗan ƙanena rumfar kara ce, ba a kafa ta sai an gama girbi, ruwan farko kuma shi ke tashin karatu. Yara zaune a ƙasa, allo jingine da dirka, malami ɗan kwantiragi yana jiran kuɗin wata. To ka ba ƙanena takarda, ina zai kai ta? Wane ɗan kasuwa zai gina makaranta inda ba riba? Takardar nan mu ƴan birni za ta sauƙaƙa wa, mu da muka riga muka tsere.

Kuma ban manta Afirilun 2021 ba, da gobara ta cinye azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta nan Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Watan Nuwamba aka sake a Maraɗi. Iyayen nan ba zaɓi suka rasa ba, ajin bulo suka rasa.

Ban ce a bar wa ma'aikatar ilimi wuƙa da nama ba. Kwamitin iyaye yana nan a makarantunmu, amma sau da yawa aikinsa tara kuɗin alli da kara. A sa kuɗin gini a hannunsa, a karanta lissafi a gaban kowa, a ba shi bakin magana in malami ya yi sati bai zo ba. Abokina ya ce za a ci kuɗin. Na ce ƙanena ya san farashin buhun siminti, kuma ɗansa ne a ƙarƙashin rumfar.