Girman ƙwayar ne ke ba da launi, ba rini ba

Jama'a, bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp, na mai sayar da tele a babbar kasuwar Maradi da ke cewa wai launin tele samfurin QLED rini ne aka shafa wa gilashi, ya ɓata mini rai ƙwarai. Alhaji, Allah ya ba da kasuwa, amma babu rini a ciki ko kaɗan.

Abin da ke ciki ɗigon kwantam ne, ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce nanomita 2 zuwa 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Ɗauki CdSe, haɗin kadmiyam da seleniyam. In yana dunƙule, ratar kuzarin da ilektoron zai tsallaka eV 1.74 ce (eV ma'aunin kuzari ne). Ka mai da shi ƙwaya mai nanomita 6, ya ba da ja. Ka rage shi zuwa wajen 3, ya ba da kore. Sinadari ɗaya ne fa! Girma kawai ya canza.

Dalili? Haske na ɗaga ilektoron sama, ya bar gurbi a ƙasa; in ya faɗo cikin gurbin sai ya fitar da haske, girman ratar ne kuma ke tsayar da launinsa. In ƙwayar ta yi musu kaɗan, matsi ya sa matakan kuzari su rabu, ratar ta buɗe, kamar tsirkiyar gurmi da in ka gajarta ta sautin ke ƙara tashi. Rabin faɗi, ƙarin kuzarin ya ninka kusan sau 4. Ilektoron da gurbi na jan juna, wannan na ɗan rage ratar, amma matsi ya fi ƙarfi. Jan haske mai tsawon zango nanomita 630 kusan eV 2 ne, kore mai 530 kusan 2.3. A cikin tele, fitilu shuɗaye ne a baya, ƙwayoyin na mai da wani sashe kore da ja.

Masu cewa ai duk launi launi ne, haba! Da rini ne, da ba a ba masana kimiyya Ekimov da Brus da Bawendi kyautar Nobel a kan ɗigon kwantam a 2023 ba. Girman ƙwayar ne. Shi ya sa in ƙwayoyin ba su daidaita ba launin ke dusashewa, in kuma ba a lulluɓe su da ɓawon ZnS (haɗin zinc da sulfur) ba, ilektoron ya maƙale a lahanin saman ƙwayar, kuzarin ya tafi a zafi. Iska da laima ma na cin su.

Af, kadmiyam guba ne, shi ya sa wasu kamfanoni suka koma InP, haɗin indiyam da fosforas. Don Allah a daina jefa fasasshen allon tele a bola inda yara ke tsince-tsince.