Malami, Wa Ke Duba Takardarka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwana malamai, da ku nake, amma da kaina na fara.

Aikina koyar da Turanci a jami'a. Wato dai daga kuskuren mutane nake cin abinci: wannan ya karya nahawu in ɗora masa, wancan ya tauye harafi in cika masa. Wanda kuwa ya shekara da shekaru yana farautar kuskure a bakin mutane, in bai yi hattara ba sai ya wayi gari yana jin daɗin samunsa.

Wata rana a ajin 'yan shekarar farko na sa wata ɗaliba ta karanta sakin layi guda. Da ta iso kan kalmar "fifty", sai ta fito mata "pipti". Aji ya kwashe da dariya. Maimakon in tsawatar, sai na kwaikwayi yadda ta faɗa, har da karkace baki. Dariya ta ƙaru. Yarinyar nan ta zauna a hankali, ta rufe littafin, ta ɗora tafukanta biyu a kansa. Daga ranar har zango ya ƙare ban sake jin muryarta ba. In na jefo tambaya sai ta sunkuya, ta kama rubutun ƙarya.

Abin takaicin, duk ɗakin babu wanda ya kai ni sanin cewa ba laifinta ba ne. Hausa ba ta raba "p" da "f" gida biyu ba, ɗaki ɗaya suke kwana. Balarabe ba shi da "p", shi ya sa yake mai da ita "b". Mutumin Japan yana fama da "r" da "l". Bature kuwa, ce masa ya faɗi "ƙarfe" ko "ɓauna" ka sha kallo. Turancin ma da muke tinƙaho da shi, haruffansa 26 ne amma sautukansa wajen 44. Kalmomin Faransanci sun kwararo cikinsa bayan mamayar da Normawa daga Faransa suka yi wa Ingila a 1066. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa alhali furucin wasula yana ta sauyawa, shi ya sa har gobe rubutu yana gabas furuci yana yamma. Ni nake koyar da wannan tarihi, ni nake tambayarsa a jarrabawa. Duk da haka na karkace baki.

Ban farga ba sai bayan makonni, ina tilawa a Suratuz Zukhruf. Aya ta 52, Fir'auna yana yi wa mutanensa alfahari da kansa, yana kushe Annabi Musa (AS): "wa la yakadu yubin", wai ko bayyana magana ba ya iya yi sosai. Na tsaya cak. Ashe yi wa mutum gori da harshensa tsohuwar sana'a ce, kuma ga wanda Alƙur'ani ya nuna mana yana yin ta. Annabi Musa da kansa ya roƙi Ubangiji a Suratu Ɗaha ya warware masa ƙullin harshensa domin a fahimci zancensa. A Suratul Ƙasas ya ce ɗan uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe. Amma da wa Allah Ya yi magana? Da Musa. Wanda Fir'auna ya raina wa baki, shi ne Kalimullahi.

Sannan a Suratur Rum, aya ta 22, Allah Ya jera saɓanin harsunanmu da launukanmu tare da halittar sammai da ƙasa, Ya ce suna daga cikin ayoyinSa. Abin da Ubangiji Ya kira aya, ni na mai da shi abin dariya a gaban cikakken aji.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a daina gyara. Malamin da ya ga kuskure ya kau da kai don gudun ɓacin ran ɗalibi, albashinsa akwai shubuha. Koyon harshen wasu kuma ba sabon abu ba ne a addini: Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu, ya kuwa iya kafin rabin wata. Maganar ita ce yadda ake gyaran. Mu'awiya bin Hakam As-Sulami ya yi magana a cikin salla, ya ce wa wanda ya yi atishawa "yarhamukallah", jama'a suka bi shi da harara. Da aka idar, Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa zancen mutane ba ya dacewa a cikin salla. Mu'awiya ya ce bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba, kafinsa ko bayansa: bai tsawata masa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba. Muslim ne ya ruwaito. An gyara kuskuren, mutumin kuma ya tashi da mutuncinsa.

Ga kuma jan biro, wanda ba mu cika ɗaukarsa a bakin komai ba. Mudu ne. Mu da muke karanta "wailun lil muɗaffifin" mu tuna da 'yan kasuwa, mu ma awo muke yi. Takarda ta goma tana samun malami mai sanyin rai, yana bin layi-layi yana neman inda zai ba da maki. Takarda ta 180 tana samun mutumin da barci ya ci ƙarfinsa da ƙarfe ɗayan dare, ya ga mummunan rubutu ya ja layi ya wuce. Amsa iri ɗaya, maki daban-daban. In kuma an ɓata maka rai a taron sashe, ɗan wani ne zai biya. Manzon Allah (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, mai duba takarda kuwa ƙaramin alƙali ne, sai dai shi ba a cika ɗaukaka ƙara a kansa ba. Yanzu in na ji idona ya fara yaji, rufe takardun nake. Gara a ce na makara da sakamako.

Hadisin muflisi shi ya hana ni sakat: mutum ya zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta kwasar ladansa ana biyan mutane har ya ƙare. Na aika aka kira mini ɗalibar nan ofis, na ce, "Abin da na yi miki ranar nan ban kyauta ba, ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, Malam, ni na ma manta." Ba ta tambaye ni wace rana nake nufi ba.

A makon jiya wani yaro ya yi irin kuskurenta. Dariya ta taso, idanu suka dawo kaina ana jiran in ba da izini. Na yago 'yar takarda na riƙe ta gaban bakina. Na ce su duba: "p" leɓɓa biyu ake haɗewa a sake su, iska ta bugo takardar ta yi tsalle, "f" kuwa haƙoran sama ake ɗorawa kan leɓen ƙasa, iska ta zurara. Na ce kowa ya yago tasa, mu gwada tare. Cikin waɗanda suka fi ɗaga murya wajen dariyar, da yawa takardarsu ba ta motsa ba.