Kemi Badenoch, Kishin Ƙasa da Kuɗin Goron da Aka Yi wa Arewa

Tun daga watan Disamba na 2024, lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya faɗa a wani taro kan ƙaura a Abuja cewa Kemi Badenoch tana da 'yancin cire Kemi daga sunanta idan ba ta alfahari da Najeriya, wannan muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk lokacin da ƙura ta fara lafawa, sai shugabar jam'iyyar Conservative ta Birtaniya ta sake furta wata magana, mu kuma mu sake rabuwa gida biyu: masu cewa ta ci amanar ƙasar iyayenta, da masu cewa gaskiya ta faɗa, ita kuwa gaskiya ɗaci gare ta. A ganina kowane ɓangare ya yi gaggawa, domin maganganun nata iri biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

An haife ta a Wimbledon da ke Landan a 1980, ta tashi a Legas, ta koma Ingila a 1996 tana da shekara 16. Wanda ya san Najeriyar wancan lokaci ya san abin da ta baro: mulkin Janar Sani Abacha, layin mai, jami'o'in da ake rufewa wata da watanni, da ƙasar da aka dakatar daga ƙungiyar Commonwealth bayan rataye Ken Saro-Wiwa a 1995. A watan Nuwamba na 2024 ta zama shugabar jam'iyyarta, wadda ta sha mummunan kaye a zaɓen Yuli na shekarar, ta tashi da kujeru 121 kacal, ga kuma jam'iyyar Reform ta Nigel Farage tana janye mata magoya baya da batun baƙin haure. Saboda haka idan Kemi ta ambaci Najeriya, ba da mu take magana ba. Da Baturen da ke da ƙuri'a take, tana nuna masa mu a matsayin abin tsoro, wato ga inda ƙasarku za ta dosa idan ba ku zaɓe ni ba. Mai magana da yawunta ma bai ɓoye ba, ya ce ba aikinta ne gyara wa Najeriya suna ba.

Kashin farko na maganganunta shi ne na rashin wuta, da ɗebo ruwa daga nesa, da zaman ɗar-ɗar, da 'yan sandan da ta ce sun sace wa ɗan'uwanta takalmi da agogo. A nan ne muka fi tayar da jijiyoyin wuya, kuma a nan ne hujjarmu ta fi rauni. Wane ne a cikinmu bai taɓa zama a motar haya ba, ya ga direba ya rage gudu a shingen bincike, ya dunƙule takardar kuɗi a tafin hannu, ya miƙa ta taga ba tare da ya ko dubi mai karɓa ba, fasinjoji kuma kowa ya kawar da kai kamar bai gani ba? Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ba Turawa ne suka shirya mana ita ba, kuma gwamnati da kanta ta rusa rundunar SARS a lokacin. Abin da muke faɗa kullum a majalisar ƙofar gida da shirye-shiryen rediyo na kiran waya bai zama ƙarya ba don kawai wata ta faɗe shi da Turancin Landan. Za a iya cewa ta faɗa da izgili, kuma don amfanin kanta, na yarda. Amma mugun nufin mai magana ba ya mayar da wutar da aka ɗauke.

Shettima ya kawo misalin Rishi Sunak, ɗan asalin Indiya wanda ya riƙe muƙamin firaministan Birtaniya ba tare da ya aibata Indiya ba. Misalin ya yi daɗin ji, sai dai kishin ƙasa ba abu ne da ake karɓa da umarni ba. Mun ga yadda a watan Mayu na 2024 Majalisar Tarayya ta dawo da tsohon taken ƙasa na 1960 cikin 'yan kwanaki, da sunan farfaɗo da kishi, a daidai lokacin da magidanta ke lissafin yadda za su sayi kwanon masara (abin dariyar ma, wata Baturiya 'yar Birtaniya ce ta rubuta baitocin taken). Matashin da ya gama jami'a ya shekara biyar babu aiki zai miƙe tsaye idan aka rera, amma zuciyarsa tana ofishin biza. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma mai mulkin da ke son a yi alfahari da ƙasa ya fi kowa sanin inda ake fara aikin.

Akwai kuma inda ta yi kuskure ƙarara. A watan Yuli na 2025 ta shaida wa tashar CNN cewa 'ya'yanta ba za su iya zama 'yan Najeriya ba saboda ita mace ce, alhali sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa wanda aka haifa a waje wannan dama muddin uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne. Bambancin da ke akwai yana sashe na 26, wanda ya yarda baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya ta yi rajista, amma bai yarda wa baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba, kuma 'yan majalisa sun yi watsi da ƙudurin gyara shi a Maris na 2022. Da ta ce a watan Agusta na 2025 ta daina ɗaukar kanta 'yar Najeriya, kuma ta fi shekara ashirin ba ta sabunta fasfo ba, wannan ruwanta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kashi na biyu shi ne wanda bai kamata a wuce shi da wasa ba. A hirarta da mujallar Spectator a Disamban 2024 ta ce ita Bayarabiya ce kafin komai, babu abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa inda Boko Haram take, har ta kira su abokan gabar ƙabilarta. Wannan ba sukar gwamnati ba ce, ba kuma labarin abin da ya same ta ba ne. Kuɗin goro ta yi wa jama'ar jihohi 19, Musulminsu da Kiristansu, ta ɗaure su tsintsiya ɗaya da waɗanda suka yi musu kisan gilla. Su wa Boko Haram ta kashe? Mutanen Kano da aka yi wa ruwan bama-bamai ranar 20 ga Janairun 2012, da masallatan da aka buɗe wa wuta a babban masallacin Juma'a na birnin a Nuwamban 2014, da ɗaliban Buni Yadi da aka afka wa cikin dare, da Sarkin Gwoza da aka harbe a kan hanya, da Sheikh Albani Zariya. 'Yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a Afrilun 2014 'yan Arewa ne, galibinsu Kiristoci. Manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a gona a Nuwamban 2020, aka jera gawarwakinsu 43 cikin likkafani a rana guda, su ma 'yan Arewa ne. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a Arewa maso Gabas, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cuta, ban da sama da mutum miliyan 2 da suka bar gidajensu. Kuma matasan Maiduguri ne suka fito da gora a 2013 suka taimaka wa soja aka fatattaki mayaƙan daga cikin gari, a zamanin da Shettima ke gwamnan Borno. Macen da ke neman zama firaministar Birtaniya, ƙasar da ta haɗe Kudu da Arewa a 1914, idan ta kasa bambance makashi da mamaci, illar ba a shafin mujalla za ta tsaya ba, za ta bi ɗalibin da ya fito daga Katsina ko Yola har gaban jami'in shige da fice.

Ba na cewa mu 'yan Arewa mu fake da fushin Kemi mu wanke kanmu. A Maiduguri ƙungiyar ta tsiro, 'ya'yanmu ta ɗauka, kuma yaran da ke yawo da robar bara a tashoshinmu ba daga wata ƙasa aka kawo su ba. Wannan hisabi ne da ke kanmu, da malamanmu da gwamnoninmu, ko ta yi magana ko ba ta yi ba.

Amma batun gaba tsakanin Yarbawa da 'yan Arewa, tarihi bai ba ta gaskiya yadda take zato ba. An gwabza tsakanin Ilori da Ibadan a ƙarni na 19, babu musu. Sai dai yaƙin Kiriji da ya ɗauki shekara 16, daga 1877 zuwa 1893, tsakanin Yarbawa ne ya su ya su. A gefe guda kuma ga fataucin goro da shanu da ya kafa unguwar Sabo a Ibadan da zangon Hausawa a Shagamu da Agege, ga Yarbawan da aka haifi kakanninsu a Kano da Zariya, waɗanda Hausarsu ta fi ta wasunmu, ga miliyoyin Yarbawa Musulmi da ke sahu ɗaya da mu a Arfa. Bagobiri har gobe idan ya haɗu da Bayarabe a kasuwa sai sun taɓa wasan taubasantaka kafin a shiga ciniki. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 12 ga Yunin 1993 kuwa, Kemi tana 'yar shekara 13 a Legas, mutanen jihar Kano suka shiga layi suka bai wa Moshood Abiola, Bayaraben Abeokuta, ƙuri'un da suka fi waɗanda suka bai wa ɗansu Bashir Tofa.