Rumbun bayanai ya yi nauyi, an ce Alhaji ya ƙara kuɗi

Da zarar Sha'aban ya kama, dillalan manhaja sai su fara zagaya ofisoshin 'yan'uwanmu masu hidimar Umara a Makka da Jidda da magana ɗaya: rumbun bayananku ba zai iya da cunkoson Ramadan ba, ku sayi babbar saba, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta, ko ku koma gajimare, wato hayar saba ta intanet, ko ku biya kuɗin wata-wata a ba ku allon sa ido mai launuka. Yanzu har sun ƙara da cewa ƙirƙirarriyar basira ce za ta gano ciwon. Kuma ana biya. Alhaji mai kamfani ya ga yaronsa yana ta jira kafin sunan baƙo ɗaya ya fito, gabansa ya faɗi, ya sa hannu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu wanda ya tambayi rumbun me ke damunsa, alhali yana da bakin faɗa, kuma kyauta. MySQL, ɗaya daga manhajojin rumbun bayanai, yana da kundin da yake rubuta duk tambayar da aka aika wa rumbun ta ja ƙafa. A kashe yake zuwa, kuma ko an kunna shi, ma'auninsa na asali daƙiƙa 10 ne. Tambayar da ke cin daƙiƙa 2 amma ana aika ta sau dubu a awa ba za ta taɓa shiga ba, ita ce kuwa ke durƙusar da aiki. A rage ma'aunin zuwa rabin daƙiƙa, a bari ya yini, a miƙa kundin ga manhajar pt-query-digest ta kamfanin Percona ta tara lissafi. Masu rumbun PostgreSQL suna da pg_stat_statements, wanda ke nuna jimillar lokacin da kowace tambaya ta cinye. Rumbun SQL Server ya zo da makamancinsa, Query Store, tun fitowar 2016.

Idan mai laifin ta fito, a MySQL ko PostgreSQL a sa umarnin EXPLAIN ANALYZE a gabanta, rumbun zai zayyana hanyar da ya bi. Sau da yawa abin kunya ake tararwa: ana neman lambar fasfo ɗaya, shi kuma yana karanta jadawalin gaba ɗaya, layi bayan layi, don ba a yi wa wannan gurbi fihirisa ba. Kamar mai neman hadisi ɗaya ne da ya fara daga shafin farko na littafi. Umarni guda ke gyara wannan. A dai kula, EXPLAIN ANALYZE yana aiwatar da tambayar da gaske, kada wani ya gwada shi a kan umarnin gogewa.

Babbar saba me za ta yi a nan? Za ta karanta shirmen da sauri, na ɗan lokaci, har jadawalin ya sake kumbura. Idan kuwa ma'aikata biyu ne ke gyara layi ɗaya, ɗaya ya kulle, ɗaya yana jira, ko saba nawa aka jibge jiran yana nan. Mafi muni, manhajar da ke ɗauko jerin baƙi 300 sannan ta koma ta tambayi masaukin kowa shi kaɗai: tambaya 301 a maimakon ɗaya. Kai wannan gajimare mai nisa, ka ƙara wa kowace tafiya tsawo, kuma da riyal ɗinka.

Wasu na cewa lokacin injiniya ya fi saba tsada. Wanda bai taɓa biyan kuɗin gajimare wata goma sha biyu a jere ba ne ke faɗin haka.

Tun da aka shiga mataki na biyu na tsarin Fatoora, wato rasit na lantarki na Saudiyya, a Janairun 2023, ana ta haɗa rasit ɗin 'yan kasuwa da hukumar zakka da haraji, rukuni bayan rukuni, don haka masu shaguna ma sun shigo sahun masu kukan nauyi, dillalan kuma sun bi su har kanti. Duk wanda ya kawo takardar farashi, a ce ya fara kawo jerin tambayoyi goma da suka fi cin lokaci, da hanyar da kowacce ke bi. In ya ce sai an biya tukuna, a nuna masa ƙofa.