Sibi Mai Ɗumi da Rafali Biyu

(Wani ɗan shagon kafe a bakin titi a Kano, janareto na ta ƙugi a waje. Ɗan Boko ya shigo da fayil a hammata, Kawunsa na biye da shi tunda shi ne mai biyan kuɗin.)

ƊAN BOKO: Oga sannu da aiki. Sibi, takardar neman aiki, nake so a haɗa min mai zafi, yau sha biyun dare za su rufe fotal ɗin.

MAI KAFE: Zauna. Mai zafi dubu biyu, mai ɗumi dubu ɗaya.

KAWU: Meye bambancin?

MAI KAFE: Mai zafin ana ja masa shuɗin layi a gefe, Alhaji.

KAWU: A ba shi mai ɗumin, ya ƙarasa zafin a hanya.

MAI KAFE: Toh. Me ka karanta?

ƊAN BOKO: Ilimin dabbobi.

KAWU: Ka gaya masa gaskiya dai, likita aka tura ka. Uwarsa tun yana rarrafe take ce masa dokta, har yau a unguwa Dokta ake kiransa, mata na tare shi a hanya suna nuna masa ƙurajen yara.

ƊAN BOKO: Kawu sau uku fa na rubuta JAMB, na ƙarshen na ci 198 cikin 400, shi kuwa likitanci ko wanda ya haura 250 ma sai ya haɗa da addu'a, da jerin sunaye ya fito sai na tsinci kaina a dabbobi, aka ce in shiga kawai daga baya a canja min, har na fita ba a canja ba.

KAWU: Shekara shida yana karatun dabbobi amma akuyar gidanmu ta yi zawo ya tsaya yana kallonta kamar ya ga baƙuwa.

ƊAN BOKO: Wannan ai aikin likitan dabbobi ne, mu kwaɗo muka feɗe da kyankyaso. Kuma kwas ɗin shekara huɗu ne, yajin aikin ASUU ya ja shi, na 2020 wata tara ga korona a kai, na 2022 wata takwas.

MAI KAFE: Kyankyaso dai akwai su a bayan firinta in kana son tuna baya. Wane aiki ne za ka nema?

ƊAN BOKO: Jami'in talla a wani kamfani. Ga sanarwar a wayata.

MAI KAFE: Bari in gani... digiri kowane iri, madalla. An gama bautar ƙasa, madalla. Kada shekaru su wuce 26. Sannan gogewar aiki ta shekara biyar.

KAWU: Tsaya tsaya. Yaron da bai wuce 26 ba, ya yi digiri, ya yi bautar ƙasa, kuma ya yi shekara biyar yana aiki? To wannan ai tun yana firamare yake zuwa ofis da allonsa.

MAI KAFE: Haka suke rubutawa duk, Alhaji. Kai shekarunka nawa?

ƊAN BOKO: Sa 25.

KAWU: Innalillahi! Kai da aka yi sunanka ran da Kanu ya zura wa Birazil biyu a Atalanta? 1996 fa! Da ragowar naman sunanka muka kwana muna ihu a gidan kallo.

ƊAN BOKO: Kawu don Allah rage murya, ana zuwa kotu a yi rantsuwar shekaru, kowa ma haka yake yi.

MAI KAFE: Da kenan. Yanzu ka rantse a kotu, NIN ya ƙaryata ka, BVN ya ba shi shaida, satifiket ɗin WAEC kuma ya zo ya kafa maka ido. Mu bar wajen shekarun babu komai, in sun matsu su tambaya. Sai gogewa. Ka taɓa wani aiki?

ƊAN BOKO: Lokacin yajin aiki na riƙe wa wani abokina POS a Farm Centre wata huɗu.

MAI KAFE: Yauwa. Manajan hada-hadar kuɗi. Sai me?

ƊAN BOKO: Na ɗan ja adaidaita sahu na sati uku kafin mai shi ya ƙwace.

MAI KAFE: Shugaban sashen sufuri.

KAWU: Ka ƙara da cewa shi ke kai niƙa, sai ka sa masa daraktan masana'antar gari. Wai ku yanzu sai an yi wannan ƙaryar duka? Mu lokacinmu na tashi da safe na tafi Bompai ƙofar masaƙa, wani Kwara ya fito ya duba tafin hannuna ya ce gobe ka zo da bakwai, shi kenan intabiyu ta ƙare, ban rufa shekara ba kuɗin Udoji suka sauka na sayi keke da rediyo rana ɗaya.

ƊAN BOKO: To ina masaƙar take yanzu?

KAWU: Ta zama sito. Ci gaba da rubutunka, malam.

MAI KAFE: Saura rafali biyu.

KAWU: Rafali kuma? Ƙwallo za su buga a kamfanin? In haka ne akwai wanda ke hura wasan unguwarmu, sai dai ana yawan bin sa da gudu.

MAI KAFE: A'a Alhaji, mutum biyu masu mutunci da za a kira su ba da shaidar halinsa.

KAWU: Au, shaidar hali. To sa lambata. Su kira ni, wallahi tas zan faɗa musu, sai sha ɗaya yake tashi.

ƊAN BOKO: Oga kar ka sa shi! Sa malamin da ya duba furojet ɗina.

MAI KAFE: Ya san ka?

ƊAN BOKO: Mu arba'in ne a hannunsa, amma na taɓa wanke masa mota.

KAWU: Ni duk ba wannan ba, nawa ne albashin?

MAI KAFE: Sun rubuta dubu sittin, sauran sai in ya kawo kwastoma.

KAWU: Sittin? Ba an ce mafi ƙarancin albashi ya koma dubu saba'in tun 2024 ba? Kuma kai ba dubu saba'in da bakwai kake karɓa a bautar ƙasa ba, kana zaune ƙarƙashin darbejiya a sakatariya kana cin gyaɗa? To ka koma can mana.

ƊAN BOKO: Sau ɗaya ake yi a rayuwa, Kawu.

KAWU: Gowon bai kyauta ba da bai sa ta sau uku ba.

(Mai Kafe ya danna tura. Abu na ta juyawa. Janareto ya yi tari biyu ya mutu.)

ƊAN BOKO: Ya tafi? Oga ya tafi?

MAI KAFE: Mai ne ya tafi. Yaron da ke sayo min ya gudu tun jiya, ni kaɗai nake fotokofi nake taifin nake ja da janareto, da digirina na biyu fa. Yaro nake nema ido rufe.

KAWU: Alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga yaro nan a gabanka, har da sibi.

MAI KAFE: Sai ya kawo min shi a takarda. Firintin ɗari biyu shafi ɗaya.

ƊAN BOKO: Kai fa ka rubuta shi yanzu da hannunka!

MAI KAFE: Shi ya sa na san abin da ke ciki. Ka taɓa aiki a kafe?

ƊAN BOKO: A'a.

MAI KAFE: Kash. Mu mai gogewar shekara biyu muke nema. Alhaji, dubu ɗayata.