Son kai a jaridun Amurka: gaskiya ne, amma wa ya ci riba da kukan?

Masu ra'ayin riƙau a Amurka sun haura shekara 50 suna kukan cewa manyan jaridu da gidajen talabijin na ƙasar sun karkata ga masu sassaucin ra'ayi. Tun a 1969 mataimakin shugaban ƙasa Spiro Agnew ya tsaya a garin Des Moines ya caccaki gidajen talabijin a kan haka. Ni a ganina kukan yana da tushe, kuma duk wanda ya ce babu komai bai yi adalci ba.

Uri Berliner ya shekara 25 a NPR, gidan rediyon al'umma na Amurka. A watan Afrilun 2024 ya rubuta cewa ya duba rajistar zaɓe ta masu tace labarai a ofishinsu na Washington, ya tarar da 'yan Dimokurat (jam'iyyar masu sassauci) 87, babu ɗan Rifablikan (jam'iyyar 'yan riƙau) ko guda. Aka dakatar da shi, daga baya ya ajiye aikin. A 2020 ma James Bennet ya bar kujerarsa ta editan shafin ra'ayi a New York Times bayan ya buga rubutun Sanata Tom Cotton mai kiran a fito da sojoji kan masu tarzoma, ma'aikatan gidan suka yi masa ca. Idan duk 'yan ofis tarbiyyarsu ɗaya, makarantunsu ɗaya, to a batun addini da aure da zubar da ciki ba sai an ba su umarni ba. Mai zuwa coci a ƙauyen Alabama yana buɗe jarida ya ji ba da shi ake ba, kuma ina tausaya masa.

Amma ina sassaucin ra'ayin ya tafi a 2003? Wannan ita ce tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. New York Times ɗin nan da ake ce wa ta 'yan sassauci, ita ta riƙa buga labaran makaman ƙare dangi da aka ce Iraƙi na da su a shafin farko. Sai a watan Mayun 2004 editocinta suka amsa cewa ba su tantance labaran yadda ya kamata ba. A lokacin an riga an ruguza Bagadaza, an bar mata da marayu. Da aka zo maganar yaƙi, jaridar ta bi gwamnatin Bush tamkar kowa.

Su kuma masu kukan ba marayu ba ne. Bayan an soke dokar ba kowane ɓangare dama a rediyo da talabijin a 1987, Rush Limbaugh, mai ra'ayin riƙau, ya mamaye rediyo. Rupert Murdoch ya kafa gidan talabijin na Fox News, mai ra'ayin riƙau, a 1996, kuma a 2023 gidan ya biya kamfanin Dominion, mai ƙera na'urorin zaɓe, dala miliyan 787.5 saboda ƙaryar maguɗin zaɓe da ya yaɗa. A Oktoban 2024 Jeff Bezos ya hana Washington Post, jaridarsa, fitowa ta goyi bayan Kamala Harris, 'yar takarar Dimokurat a zaɓen shugaban ƙasa. Ɗan jarida na da ra'ayinsa, amma mai gida ne ke yanke hukunci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda kukan ya ƙare. A Maris ɗin 2025 gwamnatin Trump ta zargi Muryar Amurka da son kai, ta tura ma'aikatanta fiye da 1,000 hutun dole. Sashen Hausa, wanda ke magana da mu tun 1979, ya yi tsit. Dattijon da ke rungume da rediyonsa a Maraɗi ko Gusau yana jiran labarin tsaro da farashin hatsi, me ya haɗa shi da rikicin Dimokurat da Rifablikan? In akwai karkata a gidan, a kawo hujja, a sauya editoci, a ɗauki masu wani ra'ayin aiki. Maimakon a gyara, aka kashe makirufo kawai.