Ido ba sukwaya ba ne, Malam Kafinta

Wai har yanzu akwai masu kare kafintan nan da ya haɗa wa ƙanwata wadrob ɗin aurenta a karkace. Ƙofa ɗaya tana leƙen sama ɗayar tana jan ƙasa, durowa sai ka sa gwiwa ka danna kafin ta rufu, amma wai a yi masa uzuri, aiki sa'a ne. Sa'ar me? Babu sa'a a kusurwa jama'a. Ko dai digiri 90 ce ko ba ita ba ce, babu wani "ai ya kusa".

Na leƙa shagon na ga yadda suke haɗin da idona. Yaro ya riƙe allo ɗaya da hannu ya tokare ɗayan da ƙirji, oga ya ja baya ya kanne ido ɗaya ya ce "ɗan turo, ɗan ƙara, yauwa riƙe nan", sai ya ɗauko dirila ya zura sukuru. To ai daidai lokacin da sukurun ke shiga ne allon ke gocewa, don juyawa yake yana jan katakon, hannun yaron da ko karin kumallo bai yi ba ina zai iya tare shi. Na ce ina sukwaya, abin nan mai siffar L da ake duba kusurwa da shi, aka ce tana nan wani wuri. Na ce ina kilam ɗin da za a matse da shi, oga ya yi dariya ya ce tun ban san hannun damata ba yake wannan aikin, idonsa ne sukwayarsa. Ma sha Allah. Allah ya ƙara wa ido lafiya.

Ku ɗauko kalkuleta ku duba da kanku. In kusurwa ta kauce da digiri ɗaya tak, a wadrob mai tsawon mita 2, kafin a kai sama ta goce da kusan santimita 3 da rabi. Digiri ɗaya fa, wanda babu idon da zai kama shi a tsaye cikin ƙurar shago. Ita kuwa ratar da ake bari tsakanin ƙofa da ƙofa ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ka gaya min yadda ƙofar da aka yanka miƙe za ta zauna a jikin da ya karkace haka. Daga nan sai a koma ana murɗa hinji, ana fere bakin ƙofa, ana cusa foti a tsaga a shafe da fenti, aikin da minti biyar na matsewa zai hana sai a ɓata yini ana ɓoye shi.

Kuma abin ba wani sirri ba ne wallahi. Ka shafa gam, ka haɗa allunan, ka matse su kafin ka taɓa sukuru, ka sa sukwaya ta ciki ka ga ko haske na wucewa. Ka huda ƙaramin rami tukuna in MDF ne, wato allon kamfani na garin katako da aka matse, don bakinsa tsagewa yake in aka tura masa sukuru haka nan. In ka gama haɗa gefe huɗun ka ɗauki tef ka auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ka sake auna ɗaya ɓangaren, in awon biyu ya zo ɗaya to ka samu, in bai zo ɗaya ba ka tura dogon ɓangaren tun gam bai kama ba. Sai a nan za ka buga filawud ɗin baya, don shi ne ke kulle jikin a yadda ya same shi, in ya same shi a karkace a karkace zai riƙe shi har ranar da za a yi itacen girki da shi. Ko sukwayar ta ɓata ma, auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, tsakaninsu dole ya ba ka 50. Magina da wannan uku, huɗu, biyar ɗin suke fitar da kusurwar gida da igiya.

Masu cewa kilam tsada, don Allah ku bari. Guntayen filawud ɗin da ke zube a ƙasan shago yara na takawa, yanko masu kusurwa uku daga ciki, ka tabbatar da kusurwarsu sau ɗaya, ka huda rami inda bakin kilam zai kama, ka gama. Kilam ɗin ma mai walda na unguwarku zai haɗa maka da rodi mai zare da noti. Robar tub ɗin babur tana ɗaure firam, igiya da sanda a murɗa tana matse kabet. Mutumin da ke canza waya duk shekara ne zai ce min abin matse katako ya fi ƙarfinsa?

Wai kuma hunturu ne ya busar da katakon. Ɗanyen malaina ne zai ja jiki, na yarda, amma wannan allon kamfani ne kuma tun ranar jere ƙofar ba ta rufu ba. Wai ƙasan ɗakin ne ba daidai ba. Mun ja shi tsakiyar tayil mun sa tef, bambancin ya fi faɗin yatsa biyu. Wai kwastoma ba ya biyan kuɗin aiki mai kyau. To ka faɗi kuɗinka tun farko mana, wa ya ce ka karɓa?

Ni abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne ma. Uba ne zai yi shekara yana tari, uwa ta kwashe adashinta, a je Na'ibawa 'Yan Katako a sayo allo mai kyau, a kai wa mutum amana, yarinya ta tare ranar farko dangin miji na kallon ƙofar da ke buɗe kanta. Sannan yaron nan mai tokare allo da ƙirji, haka zai taso ya buɗe nasa shagon yana alfahari da ido shi ma. Muna da kafintoci masu hannu, na rantse akwai waɗanda in ka ga aikinsu ba za ka ce a Kano aka yi ba, amma irin wannan gangancin ke sa masu hali su tafi neman kayan Turkiyya da na China, alhali sau da yawa allon iri ɗaya ne, kusurwar ce kawai aka tsaya aka matse.

Kuma tunda an zo maganar, wa ya fara kawo mana yayin gadon nan mai allon kai kamar ƙofar fada, da zinariyar roba da fitilu masu canza launi? Ɗakin haya ƙafa goma sha biyu, gado ya cinye rabi da kwata, ranar jere sai an cire ƙyauren ɗaki kafin ya shiga, amarya na bi ta gefe a karkace in za ta buɗe taga. Wannan kam ba laifin kafinta ba ne, gwaggonni ne ke zaɓa a waya su ce irin na 'yar wance suke so.